Tarihin Abul Ƙasim Al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya hana gaggawar cire haƙori

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 kan lafiyar baki, ta ƙiyasta cewa mutane fiye da biliyan ɗaya ne ke fama da matsanancin ciwon dasashi, wato kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya. Ciwo ne mai tafiyar hawainiya. Yakan fara da ɗan jinin da mutum zai gani a kan aswaki ko buroshi, ya yi shekaru yana cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori a ɓoye, har wata rana haƙorin da ko kogo bai taɓa yi ba ya soma girgiɗi ya fita. Likitocin haƙori na wannan zamani sukan yi ƙoƙarin cike gurbin ƙashin da ya zaizaye ta hanyar dasa wani ƙashin ko makamancinsa, kuma babban abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yadda za su hana ƙwayoyin cuta mamaye dashen kafin ya kama.

Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani likita a ƙasar Andalus ya zauna ya rubuta yadda dattin da ke daskarewa a gindin haƙori yake lalata dasashi, ya zana kayan aikin kankare shi, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya, ya kuma kawo shawarar sassaƙa ƙashin sa a maye gurbin haƙorin da ya faɗi. Sunansa Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Al-Zahrawi, wanda Turawa suka sani da Albucasis.

Haihuwarsa da zamaninsa

Masana tarihi sun fi karkata ga cewa an haifi Al-Zahrawi wajajen shekarar 936 Miladiyya. Laƙabinsa ya samo asali ne daga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na uku ya fara ginawa a daidai wannan lokaci, kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba, a kudancin ƙasar Sifaniya ta yau. Ana kuma jingina masa laƙabin Al-Ansari, abin da ke nuna cewa zuriyarsa na danganta kanta da Ansar na Madina. Ana iya cewa shi da birnin tare suka girma, kuma kamar yadda za a gani, kusan tare suka ƙare.

Ya tashi a lokacin da daular Banu Umayya ta Andalus take kan ganiyarta. Abdurrahman na uku ya ayyana kansa halifa a 929, ya kuma dawo da buga dinare na zinariya, wadda kaso mai yawa nata ke ƙetaro Sahara daga Afirka ta Yamma ta hanyar Sijilmasa. Wajajen 949 Sarkin Rumawa na Kustantiniyya ya aiko wa fadar Ƙurɗuba kyautar littafin Diyoskoridis kan itatuwan magani, sannan a 951 aka turo wani malamin Kirista mai suna Nikolas domin ya taimaka wa likitocin birnin, cikinsu har da Bayahude Hasdai ɗan Shafrut, wajen tantance sunayen tsirran da ke ciki. Ɗansa Al-Hakam na biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, mutum ne mai tsananin son littattafai, har marubuta tarihi suka ruwaito cewa taskarsa ta kai mujalladi dubu 400. A irin wannan gari, inda Musulmi da Kirista da Bayahude ke zama kan littafi ɗaya suna gardamar sunan ganye, Al-Zahrawi ya koyi aikinsa. An ruwaito cewa ya yi wa Al-Hakam aikin likitan fada, ya kuma ci gaba da duba marasa lafiya da koyar da ɗalibai har zamanin waziri Al-Mansur ɗan Abi Amir, wanda ya rasu a 1002.

Littafin At-Tasrif

Bayan kimanin shekara hamsin yana aiki, wajajen shekarar 1000, ya kammala littafin da ya ɗaukaka sunansa, At-Tasrif li man ajiza anit ta'lif. Ma'anar sunan ita ce tsararren ilimin magani domin wanda ba zai iya tattara littafi da kansa ba. Ya kasa shi maƙala 30. Ta farko ta ƙunshi ginshiƙan ilimin likitanci, ta biyu ta bi cututtuka tun daga kai har zuwa ƙafa da alamominsu, mafi yawan sauran kuma sun tafi ne kan haɗa magunguna da abinci. Akwai maƙala kan kayan gyaran jiki da ƙamshi, akwai kuma wadda ya tattara magungunan baki da garin goge haƙora da ruwan kurkura.

A cikin maƙala ta biyu ne ya ba da labarin wani ƙauye da mazansa ke mutuwa saboda zubar jini daga ƙaramin rauni, bayanin da ake lissafawa cikin na farko-farko kan cutar rashin daskarewar jini da ake gado.

Maƙala ta 30 ita ce ta fiɗa, kuma ita ce ta zagaya duniya. Ya raba ta babi uku: na lalas, wato ƙona wurin ciwo da ƙarfe mai zafi ko magani mai ci, na yanka da huda da ɗinki da cire kibiya da karɓar haihuwa, wanda shi ne mafi tsawo, da fasali kusan ɗari, sai na ɗori da gyaran targaɗe da gocewar gaɓa. Ya ɗebo abubuwa da yawa daga magabata, musamman Bulus na tsibirin Ajina, likitan Girka na ƙarni na bakwai, amma ya ƙara abu biyu da suka bambanta aikinsa. Na ɗaya, ya zana kayan aiki kusan 200 a cikin rubutun, kowanne kusa da bayanin amfaninsa, yadda maƙeri zai iya duba zanen ya ƙera. Na biyu, ya cusa labaran marasa lafiyar da ya duba da hannunsa, da waɗanda suka warke da waɗanda suka mutu. A duk tsawon littafin yana kiran ɗalibansa 'ya'yansa, yana yi musu magana irin ta uban da ke tsoron kada a ɓata sana'ar gida bayan ransa.

Yaƙinsa da masu fiɗa ba ilimi

Abin da ya sa shi rubuta maƙalar fiɗa ya fito fili a gabatarwarta. Ya koka cewa aikin fiɗa ya kusa ɓacewa a ƙasarsa, ƙwararru sun ƙare, littattafan magabata kuma masu kwafi sun cika su da kurakurai har ma'anarsu ta dushe. Ya ce tushen matsalar shi ne rashin sanin ƙirar jikin ɗan Adam, domin wanda bai san inda jijiya ta bi ba, wuƙarsa za ta yi kisa.

Ya kafa hujja da abubuwa huɗu da ya gani. Wani likita ya yanka kumburi a wuyan wata mata, ya datse jijiyar jini, ta mutu a hannunsa. Wani ya yi ƙoƙarin ciro babban dutse daga mafitsarar wani tsoho, ya fizgo har da wani yanki na mafitsarar, tsohon ya rasu bayan kwana uku. Tun farko an kira Al-Zahrawi kan wannan tsoho, ya duba girman dutsen da halin majinyacin, ya ƙi taɓawa, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na uku likita ne mai cin albashi a gidan wani babban kwamanda, wanda ya ɗaure karayar ƙafar wani yaro bawa tamau alhali akwai buɗaɗɗen rauni a wurin, ya bar shi kwanaki har ƙafar ta kumbura ta ruɓe. Da aka kira Al-Zahrawi ya kwance ɗaurin, yaron ya sami sauƙi, amma ruɓar ta riga ta yi nisa, ta ci gaba har ta kashe shi. Na huɗu ya huda ƙarin sankara, ya mayar da shi gyambo mai muni.

Saboda haka ya raba aikin fiɗa gida biyu, wanda ake sa ran lafiya a bayansa da wanda galibi halaka ke biyo shi, ya gargaɗi ɗalibansa da kada kwaɗayin kuɗi ko roƙon majinyaci ya ja su ga na biyun.

Dasashi da haƙori

Wannan taka-tsantsan shi ne ya bi da shi zuwa cikin baki. A babi na biyu ya jera fasali shida a kan dasashi da haƙora, daga na 28 zuwa na 33: yanke tsiron nama a dasashi, kankare haƙora, cire haƙori, ciro saiwar da ta karye da ɓallin ƙashin muƙamuƙi, gyara haƙorin da ya tsiro a kan wani, sai ɗaure haƙora masu girgiɗi.

A fasalin kankara ya bayyana cewa wani ɓawo mai kaushi yana taruwa a bayan haƙora da gabansu da kuma ƙarƙashin dasashi, wani baƙi, wani rawaya, wani kore, kuma daga gare shi ɓarna ke isa ga dasashi har haƙora su lalace. Ya umarci likita ya zaunar da majinyaci a gabansa, ya ɗora kansa a cinyarsa, ya kankare ɓawon har ya ƙare. Idan bai fita duka a rana ɗaya ba, a sake washegari, a sake a rana ta uku, har sai an cimma buƙata. Ya lura cewa ƙarfen da ke kankare cikin haƙori ba zai yi aikin bayansa ba, na tsakanin haƙora ma da siffarsa daban, don haka ya zana makankara 14 masu kai iri-iri. Wanda ya taɓa zama a kujerar likitan haƙori aka yi masa wankin haƙori zai gane jikokin waɗannan ƙarafa a kan faranti.

Game da cirewa, matsayinsa shi ne a gwada kowace dabara ta magani tukuna, domin haƙori abu ne mai daraja wanda idan ya fita babu madadinsa. Idan cirewar ta zama dole, to a tabbatar da wanne ne ke ciwon, saboda zogi yakan yaudari mai shi ya nuna haƙori mai lafiya, a cire, ciwon kuma ya ci gaba. Ya ce ya sha ganin haka a hannun masu yin ƙaho, waɗanda a zamaninsa su ne ke cire wa talakawa haƙori. Ya zarge su da gaggawa, suna karya haƙori su bar saiwa a ciki, wani lokaci su ɓallo har da ƙashin muƙamuƙi. Tasa hanyar ita ce a fara raba dasashi da haƙorin ta kowane gefe, a girgiza shi a hankali har ya saki, idan yana da kogo a cusa masa ƙyalle don kada ya farfashe a bakin awartaki, sannan a ja shi a miƙe. Bayan an gama a kurkure baki da ruwan khal da gishiri.

Ga haƙoran gaba da suka yi girgiɗi saboda bugu ko faɗuwa, idan magungunan ɗaure dasashi sun gaza, ya koyar da saƙa siririyar waya tsakaninsu da maƙwabtansu masu ƙarfi, a lanƙwashe bakin wayar a ɓoye shi don kada ya yanki harshe. Ya fifita zinariya a kan azurfa, domin ya lura azurfa takan canza launi ta lalace a cikin baki bayan 'yan kwanaki, zinariya kuwa tana nan yadda take. Ya ƙara da cewa haƙori ɗaya ko biyu da suka faɗi ana iya mayar da su gurbinsu a ɗaure, ko kuma a sassaƙa ƙashin sa a siffar haƙori a kafa a giɓin.

Ƙashin da ya ruɓe

Labarin da ya fi nuna halinsa na aiki shi ne na wani mutum ɗan kimanin shekara talatin da ciwo ya kama ƙwaurinsa, ya kumbura ya fashe, ya yi ramuka da yawa masu zubar da mugunya. Likitoci sun yi kusan shekara biyu suna fama da shi ba nasara, har jikinsa ya ƙare. Da Al-Zahrawi ya zura ƙarfen bincike ya tarar ramukan duk suna haɗuwa, kuma suna kai wa ga ƙashi. Ya buɗe, ya ga ƙashin ya yi baƙi ya ruɓe, ya kankare abin da ya gani, ya yanke da zarto, ya sa magani yana jiran wurin ya rufe. Bai rufe ba. Ya sake buɗewa ya tarar ruɓar ta wuce inda ya tsaya. Haka ya yi ta yi a matakai, domin majinyacin ba shi da ƙarfin jure aiki mai tsawo a zama ɗaya, har ya cire kimanin taƙi guda na ƙashin tare da ɓargonsa. Daga nan ne raunin ya warke, nama mai tauri ya cike gurbin, mutumin ya koma harkokinsa.

Darasin da ya fitar shi ne rauni ba ya rufewa matuƙar akwai ruɓaɓɓen ƙashi a ƙarƙashinsa. Irin wannan lura ta sa ya rubuta labarin kuyangar da ta yanki maƙogwaronta da wuƙa, ya ɗinke ta warke ba abin da ya rage sai dishewar murya, ya kafa hujja da ita cewa buɗe maƙogwaro ba lallai ya yi kisa ba. Ya kuma ambaci ɗinke hanji da siririn zaren da aka yi daga hanjin dabba.

Ƙarshen rayuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da rushewar duniyar da ya sani. A 1009 yaƙin basasa ya ɓarke a Andalus kan kujerar halifanci. A 1010 mayaƙa suka afka wa Madinatuz Zahra suka washe ta, birnin da aka kashe dukiya mai ɗimbin yawa wajen gina shi ya zama kufai bai cika shekara tamanin ba. A 1013 Ƙurɗuba kanta ta faɗa hannun masu kewaye da ita, kuma wannan ita ce shekarar da aka fi ambata a matsayin ta rasuwar Al-Zahrawi, yana da kimanin shekara 77. Cikin waɗanda suka ajiye wannan shekara har da Hasan Al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, marubucin nan na ƙarni na 16 da ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir a littafinsa kan Afirka. Halifancin Ƙurɗuba ya ƙare baki ɗaya a 1031.

Malamin nan Ibn Hazm, wanda aka haifa a Ƙurɗuba a 994, ya ambaci cewa ya riski Al-Zahrawi da ransa, ya kuma sa At-Tasrif cikin ayyukan da Andalus za ta yi alfahari da su. Ɗalibinsa Al-Humaidi shi ya fara shigar da sunan likitan cikin kundin tarihin malaman Andalus. Kangon Madinatuz Zahra ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa har 1911 da aka fara tono shi, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A tsohon garin Ƙurɗuba akwai titi mai ɗauke da sunan Albucasis.

Tafiyar littafin bayan mai shi

A ƙarni na 12, Gerard na Kirimona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara maƙalar fiɗa zuwa Latin a birnin Toledo. Daga nan ta shiga makarantun likitanci na Italiya da Faransa. Guy de Chauliac, babban likitan fiɗa na Faransa, ya ambaci Al-Zahrawi kusan sau 200 a littafin da ya kammala a 1363. Maƙala ta 28, kan sarrafa magunguna, an buga ta da injin ɗab'i a Venis tun 1471. A ƙasar Turkiyya, Sharafuddin Sabuncuoglu ya gina littafinsa na fiɗa na 1465 a kan aikin Al-Zahrawi. An buga matanin Larabci tare da Latin a Oxford a 1778, fassarar Faransanci ta fito a 1861, ta Ingilishi kuma a 1973.

Abin da idonsa bai kai gare shi ba

Adalci ga tarihi shi ne a faɗi iyakar saninsa. Al-Zahrawi ya yi aiki ne da ra'ayin magabata na ruwayen jiki huɗu, yana danganta sakin dasashi da yawan danshi, shi ya sa lalas ke cikin magungunansa. Ƙashin san da ya sassaƙa haƙorin roba ne na zamaninsa, ana ɗaure shi da waya, ba ya haɗewa da jiki. Ƙwayoyin cutar baki kuwa sai a 1683 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya hango su da madubin ƙara girma, a cikin dattin da ya kankaro daga haƙoransa. A 1867 Joseph Lister ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa, a 1890 kuma Willoughby Miller ya fitar da littafinsa kan ƙwayoyin cutar bakin ɗan Adam.

Yanzu an san yadda abin ke faruwa. Ƙwayoyin bakteriya suna yin shimfiɗa mai yauƙi a gindin haƙori, sinadaran yawu su daskarar da ita ta zama ɓawon nan da ya bayyana. Dasashi ya kumbura ya saki haƙori, a sami aljihu a tsakaninsu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin aljihun ne ƙwayoyin da ba sa son iska, irin su Porphyromonas gingivalis, ke yaɗuwa, garkuwar jiki kuma garin yaƙarsu ta narkar da ƙashin da ke kewaye da saiwa.

Dashen ƙashi daga wani mutum zuwa wani ya jira zamanin Lister. A 1879 ɗalibinsa William Macewen, a birnin Glasgow, ya fara sake gina ƙashin dantsen wani yaro ɗan shekara uku da ciwo ya cinye, da gutsattsarin ƙashin da aka yanko daga wasu yara lokacin miƙar musu da gwamen ƙafa, dashen kuma ya kama. A yau likitan dasashi yana da zaɓi huɗu: ƙashin majinyacin kansa, ƙashin wani mutum da aka sarrafa, ƙashin dabba, ko abin da aka haɗa a masana'anta. Cikin waɗanda aka fi amfani da su akwai Bio-Oss na ƙasar Siwizalan, wanda ƙashin shanu ne da aka raba shi da duk wani furotin, ya rage sai ma'adininsa mai ƙananan ramuka da sabon ƙashi ke bi ya tsiro.

Matsalar ita ce baki ba ya taɓa rabuwa da ƙwayoyin cuta, dashe kuma a kwanakin farko ba shi da jinin da zai kawo masa kariya. Shi ya sa ake neman kayan dashen da za su kare kansu. A 1969 Larry Hench, a Jami'ar Florida ta Amurka, ya haɗa wani gilashi mai suna Bioglass 45S5, wanda kashi 45 cikin 100 nasa silika ne, sauran kuma sinadaran sodiyam da kalsiyam da fosfaras. Gilashin yana mannewa da ƙashi, kuma yayin da yake narkewa yana mayar da ruwan da ke kewaye da shi mai kaifin kanwa, yanayin da ƙwayoyin cuta da yawa ba sa jurewa. A 1993 aka amince da garinsa mai suna PerioGlas domin cike ramukan ƙashi na ciwon dasashi. Wasu masu bincike suna gauraya kayan dashe da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su tetirasaikilin, wasu da zinki, wasu da azurfa, ƙarfen da Al-Zahrawi ya ƙi saboda yana sakin jikinsa a baki, wanda wannan sakin ne ake nema a yanzu. Mafi yawan hujjojin wannan kariya daga ɗakin gwaji suka fito, kuma a cikin baki yawu da jini suna rage ƙarfinta. Dashe ya fi kamawa a rami mai zurfi da ƙunci wanda ke da bango, kuma babu likitan da zai yi shi kafin ya kankare saiwar haƙori tas.

Daga Ƙurɗuba zuwa Agege

Mai karatu da ya san Agege zai ga abubuwan wannan tarihi a warwatse a unguwa ɗaya. Cinikin goro da layin dogo da ya haɗa Legas da Kano ne suka zaunar da Hausawa a can tun farkon ƙarni na 20, goron kuma yana rina haƙora yadda ɓawon datti zai ɓuya a ƙarƙashin jan launi mai shi bai lura ba. A mayankar Oko-Oba ana tara ƙashin shanu kullum, irin abin da a wasu ƙasashe ake sarrafawa ƙarƙashin tsauraran ƙa'idoji ya dawo asibitocin Najeriya da tsadar kuɗin waje. Akwai masu tallar aswaki a bakin masallatai, akwai alhazai masu haƙorin Makka na zinariya ko azurfa, akwai wanzamai masu riƙe da sana'ar gado, akwai kuma masu cire haƙori a kasuwa waɗanda gargaɗin Al-Zahrawi kan gaggawa ya shafe su kai tsaye. A Idi-Araba, wata unguwar da Hausawa ke da yawa, nan ne makarantar likitancin haƙori ta Jami'ar Legas take, wadda aka buɗe a tsakiyar shekarun 1960, ta farko a ƙasar nan.

A Arewa lamarin ya fi haka nauyi. Cutar noma, mai cin fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, da kumburin dasashi take farawa. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamban 2023.

Ga ma'aikacin da ke zaune a ofis a Abuja ko Legas, abin lura kaɗan ne. Jini a kan aswaki ko buroshi alama ce ta ciwo ko da babu zogi, haka warin baki mai naci da haƙorin da ya fara tsawo saboda dasashi ya ja baya. Shan taba da ciwon sukari suna ƙara wa cutar gudu. Aswaki da buroshi suna cire datti mai laushi, amma wanda ya riga ya daskare sai ƙarfen likita. Kuɗin wankin haƙori a asibiti bai kama ƙafar kuɗin dashen ƙashi ba, kuma ya dace mai inshorar lafiya ya tambayi asibitin da ya yi rajista abin da tsarinsa ya ƙunsa na kula da haƙori. A jerin fasalin At-Tasrif, kankare haƙori shi ne na 29, cirewa na 30, kuma har yau da wannan jeri likitocin dasashi ke aiki.